Kare da Kyanwa: Maganin da Muke Ba Su da Wanda Muke Hana Su

 

Yau zancen kare da kyanwa zan yi. Na san wani zai ce, ana fama da kuɗin maganin yara, wa ke ta kare? Ka yi mini haƙuri ka saurara, domin zancen ta kan yaran zai biyo.

A gidan wata gwaggona akwai wata kyanwa, mussa kamar yadda muke cewa a nan yammacin ƙasar Hausa, wadda ta shekara huɗu tana kwana a ɗakin da ake ajiye buhunan shinkafa. Tun zuwanta ɓera bai ƙara huda buhu a gidan ba. Wata rana ta dawo tana ɗingishi, ta kwanta ta ƙi cin komai. Tausayi ya kama tsohuwar nan, ta ɓallo farasitamol ƙwaya ɗaya daga wanda take sha don ciwon gwiwa, ta murƙushe cikin nono ta ɗura mata. Washegari da na shiga gaisuwa na tarar da kyanwar bayan randa, fuska ta kumbura, numfashi da ƙyar, dasashinta ya rine ya koma ruwan ƙasa. Na ce, "Gwaggo, me kuka ba ta?" Ta ce, "Ɗan nan, ban ba ta komai ba sai wanda nake sha. Ƙwaya ɗaya tak. Ai ko yaro ana ba shi." Kafin la'asar ta mutu. Gwaggo ta kwana biyu ba ta da zance sai da na sani.

Ba mugunta ce ta kashe kyanwar nan ba, jinƙai ne da bai haɗu da sani ba, kuma shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Hantar ɗan Adam tana da wani sinadari da ke kama farasitamol ya ɗaure shi, jiki ya fitar da shi ta fitsari. Kyanwa ba a halicce ta da isasshensa ba. Maganin sai ya juye guba a jikinta, ya ɓata jajayen ƙwayoyin jininta har su kasa ɗaukar iska. Tana shaƙa tana fitarwa, amma jiki bai samu ba. Ƙwaya ɗaya ta manya, mai miligiram 500, ta isa ta kashe ta. Kada a ce to a ba ta rabi, ko kwata. Babu ma'aunin farasitamol da ya dace da kyanwa, kowane suna aka rubuta a kwalin, Panadol ne ko waninsa. In kuwa an riga an ba ta, akwai makari a wurin likitan dabbobi, amma fa sai an kai ta cikin awannin farko.

Kare ya fi ta juriya ga farasitamol, sai dai shi ma yana da nasa makasan a cikin kwandon magungunanmu. Magungunan ciwon jikin nan da ma'aikatan ƙarfi ke saya a kemis, irin su ibufurofen da diklofenak, suna huda wa kare ciki su kashe masa ƙoda. Za ka ga yana amai, kashinsa ya yi baƙi wuluk kamar kwalta, wanda jini ne da ya narke a hanji. Wanda ke shakkar cewa magani ɗaya na iya warkar da wata halitta ya hallaka wata, ya tambayi labarin ungulayen Indiya. A shekarun 1990 makiyayan can suna yi wa shanu allurar diklofenak, in saniya ta mutu ungulaye su ci mushen, ƙodarsu ta lalace. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu jinsunan ungulu suka ƙare kafin a gano dalili, sai a 2006 gwamnatin ƙasar ta hana amfani da shi ga dabbobi. Ga kuma maganar nauyi. Ƙwayar da aka auna don magidanci mai kilo 65 ita ake jefa wa karen da bai wuce kilo 15 ba, ko kyanwar da ko kilo 4 ba ta cika ba.

Amma in gaskiya za a faɗa, a wannan yanki namu kemis ba ta kai gona kashe dabbobin gida ba. Tun da noman shinkafa ya bunƙasa a fadamunmu, musamman bayan shirin lamunin manoma da aka ƙaddamar a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, da wuya ka shiga gidan manomi daga Ambursa zuwa Augie ba ka ga galan ɗin maganin feshi a zaure ko bayan ƙofa ba. Arziki ne, mun gode Allah. Sai dai idan damina ta faɗi, kaska ta cika kunnen kare da tsakanin yatsunsa, mai gida sai ya duba abin da ke kusa. Ya zuba fiya-fiya ko ragowar maganin ƙwarin gona cikin bokiti, ya yi wa kare wanka. Kaskar za ta zube, ba shakka. Bayan ɗan lokaci kuma karen ya fara dalalar da yawu, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke, ya yi zawo ya faɗi yana shure-shure. Irin wannan guba ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Yaron da aka sa ya riƙe karen lokacin wankan, da hannu tsirara, shi ma ta fatarsa take shiga. Duk wanda hakan ta faru a gidansa, ya wanke dabbar da sabulu da ruwa mai yawa, ya sa leda a hannunsa, ya nufi asibitin dabbobi. Manja da nonon da ake ɗura mata ba makari ba ne, sau da yawa ma shaƙe ta suke yi su gangara huhu.

Akwai magungunan kaska da ƙuma da aka yi don kare musamman, suna aiki, kuma likita zai auna maka. Amma a kiyaye, na kare ba na kyanwa ba ne. Masu ɗauke da sinadarin famitirin suna sa kyanwa farfaɗiya har ta mutu, ko da kuwa jikin karen da aka shafa wa ta lasa. Baƙin mai na inji da ake shafa wa kare mai ƙazuwa kuma a daina. Yana ƙona fatar da dama ta ji ciwo, karen ya lashe ya haɗiye. Ƙazuwa ƙananan ƙwari ne da ke haƙa cikin fata, tana da magani sananne, ibamektin, wanda masanan da suka gano shi, Satoshi Omura na Japan da William Campbell, suka samu kyautar Nobel a 2015. Kwalbar da ke hannun makiyaya ta shanu ce, an haɗa ta don dabba mai ɗaruruwan kilo, kuskuren ɗan layi ɗaya a sirinji kan makantar da ɗan kwikwiyo. Haka Berenil da ake yi wa shanu don sammore. Likitoci na amfani da shi ga kare mai zazzaɓin kaska, wanda dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya yi ja kamar shayi. Amma tazarar da ke tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke taɓa ƙwaƙwalwar kare ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba aikin kintace ba ne.

Maganin ɓera ma yana da nasa. An zuba don ɓera, ɓera ya ci ya fito yana tangaɗi, kyanwa ta same shi a ɓagas. Wani irinsa jini yake tsinkawa, sai bayan kwana uku ko biyar a ga dabba ta yi laushi, jini na fita ta hanci. Gidan da ke da kyanwa ya zaɓi ɗaya, ko ita ko gubar.

To jama'a, wannan shi ne abin da muke ba su. Abin da ya fi damuna shi ne wanda muke hana su.

Kare a ƙasar nan yana da ubangida ranar da ya kamo zomo, yana da ubangida daren da ya kori ɓarawo daga garke. Ranar da ya ciji ɗan maƙwabci kuwa, sai a ce ai na unguwa ne, ba a san mai shi ba. A tsakanin waɗannan ranaku biyu ciwon haukan kare ke samun wurin zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane goma da ake zargin mahaukacin kare ya ciza, kimanin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, kashi 99 cikin 100, daga kare ya samu. Yaro ne ke jan wutsiyar kare, yaro ne ke gudu kare ya bi shi, kuma saboda gajartarsa a fuska ko wuya ake cizonsa, kusa da ƙwaƙwalwa. Yaro ne kuma ke ɓoye ɗan ƙaramin cizo don kada a yi masa faɗa.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. Idan ta shiga rauni ba ta bin jini, jijiya take bi a hankali tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ciwon ke yaudara. Rauni ya warke, an manta, sai bayan wata biyu ko uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, mutum ya fara zazzaɓi da jin tsira a wurin tabon. Daga nan ya kasa haɗiyar ruwa, ƙishirwa na cinsa amma ganin kofi kaɗai na sa maƙogwaronsa ya shaƙe. A wannan gaɓar 'yan uwa kan ce iska ce ko sammu, a yi ta yawo da shi. Ina roƙonku ku riƙe wannan: da zarar alamun sun bayyana, kusan babu mai tashi, a Kebbi ne ko a Landan. Kafin su bayyana kuwa, kusan kowa ana iya cetonsa. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 aka san haka, ranar da Luwi Fasto na Faransa ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allura bayan mahaukacin kare ya yayyaga shi, yaron kuma ya rayu har ya manyanta. Shekara 140 ke nan da ɗoriya, amma har yau akwai gidajen da ake ƙona gashin karen a shafa a raunin a ce an gama.

Wanda kare ya ciza, ko kyanwa ta yakusa har jini ya fito, abin farko ba ya buƙatar ko sisi. Sabulu da ruwa mai gudu, a yi ta wanke wurin har minti 15 cur, a duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Kada a cusa barkono ko toka ko ƙasa, kada a ɗaure tamau. Sannan a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, ko Asibitin Sir Yahaya, ko asibitin tarayya da ke nan Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, ko wanda ya fi kusa. A faɗa musu ƙarara cewa cizon kare ne, allurar haukan kare ake nema, domin allurar tetanus da aka saba yi wa mai rauni wata aba ce daban, ba ta tare wannan. In babu a nan, a tambayi inda za a samu. Ba sau ɗaya ake yi ba, akwai ta ranar farko, da ta kwana uku, da ta kwana bakwai, wani tsarin har da ƙari, kuma duk sai an cika. Idan raunin mai zurfi ne ko a fuska yake, akwai wata ta daban da ake zubawa a cikin raunin kansa. Na sani da tsada. Na san akwai uban da zai ƙirga kuɗin ya ce bari a ga yadda hali zai yi. Wallahi gara a sayar da tunkiya.

Karen kuma, in an san shi, a ɗaure shi a ba shi ci da sha a lura da shi kwana goma. Wanda ke yaɗa cutar a yawunsa ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna ciwo ko ya mutu ba. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura, tare suke tafiya. In an riga an kashe shi, kada yara su ja gawar suna wasa, a sanar da ma'aikatan dabbobi, domin da ƙwaƙwalwarsa ake gwaji a tabbatar.

Akwai abu guda da nake so mafarauta da makiyaya su ji da kyau. Ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da cizo ba. Wani shiru yake yi, ya laɓe a lungu, haɓarsa ta saki, yawu na zuba, yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai shi, don ƙauna, sai ya buɗe bakin ya zura hannu zai ciro ƙashin. Babu ƙashi, yawu ne cike da cuta, ga hannun manomi kuma ba ya rasa tsaga. Saniya da jaki ma suna kamuwa idan kare ya cije su, kuma su ma haka ake zura musu hannu a baki.

Duk wannan tashin hankali, allura ɗaya a jikin kare ke tare shi. Ana yi masa yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa karnuka bakwai cikin goma na gari rigakafi, aka dawwama a kai, cutar ba ta samun hanyar wucewa, sai ta mutu a garin. Ba sai mun jira jirgi daga waje ba, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wannan allura. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, nan kusa da mu, tana yaye likitocin dabbobi, da yawansu 'ya'yan jihar nan ne. Kuɗin allurar kare ɗaya bai kama ƙafar na jinyar mutum ɗaya da aka ciza ba. Sai dai a kula da inda za a yi ta. Allurar rigakafi a cikin sanyin firji take rayuwa. Wadda ta wuni a jakar mai talla a ranar kasuwa, cikin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ta zama ruwa. A je asibitin dabbobi, a karɓi katin shaida, a adana shi. Ranar da karenka ya ciji ɗan wani, katin nan ne zai kwantar da hankalin gida biyu.

Wani zai ce addini bai ƙarfafa ajiye kare ba. Wannan fagen malamai ne, amma abin da muka koya a zaure sananne ne: an yi izini da karen farauta, da na kiwo, da na tsaron gona. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, duk mai rai ana ɗaukarsa mai tsarki ne. Kuma kowa ya ji hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa ba ci ba sha. In ba ka buƙatar kare, kada ka ajiye. In ka ajiye, ya zama amana, cinsa da shansa da inuwarsa da allurarsa suna wuyanka. Karen da aka ɗaure da sarƙa a tsakar rana ba ruwa, shi da ba ya gumi kamar mu sai dai ya zaro harshe yana haki, mai shi ya san da wa zai yi shari'a.

Masu sayen 'yan kwikwiyon turai a unguwannin Gesse da Badariya, ku kuma abin da ya fi cinye muku kuɗi shi ne cutar da likitoci ke kira fabo: amai da gudawar jini mai ƙarni, kwikwiyo ya bushe cikin kwana biyu. Rigakafinta ana farawa yana mako shida zuwa takwas, a maimaita har ya kai wata huɗu. Kafso ɗin ja-da-rawaya ba ya kashe ta, ƙarin ruwa a hannun likita ne ke ceto. Ƙwayarta kuma tana daɗewa a ƙasar gida watanni, don haka wanda nasa ya mutu kada ya yi gaggawar kawo wani.

Sauran maganar ta abinci ce. Ragowar miyar da ta sha albasa, mu da Allah ya ba Aliero garin albasa, tana fasa jinin kare da kyanwa in ta yi yawa, haka tafarnuwa. Ranar layya ko a kwata, idan aka ga huhu ko hanta da ƙulli mai ruwa a ciki, kada a jefa wa kare. 'Ya'yan wata tsutsa ne a ciki, su girma a hanjinsa, ya kasayar da ƙwansu a inda yara ke wasa, ƙwan ya je ya yi irin wannan ƙullin a hantar mutum. A binne ko a ƙona, karen kuma a riƙa ba shi maganin tsutsa duk bayan wata uku. Kashin kyanwa ma yana da nasa haɗarin, mai juna biyu ta bar wa wani kwashe shi.

'Yan uwana masunta na Argungu da Matan Fada, ga taku. Najeriya ta sha fama da kurkunu, a 1988 an ƙirga masu ɗauke da shi sama da 650,000. Da taimakon Cibiyar Carter da jajircewar irin su Janar Yakubu Gowon aka ga bayansa, a ƙarshen 2013 aka ba mu shaidar rabuwa da shi, mu da Nijar. A Chadi kuwa, a bakin kogin Shari, sai ga kurkunu ya ɓullo a ƙafafun karnukan masunta, har a 2019 aka ƙirga kusan 2,000. Abin da masu bincike suka fi zargi shi ne ɗanyen kayan cikin kifi da ake zubarwa a bakin ruwa karnuka na ci. Shi ya sa a can ake koya wa masunta su haƙa rami su binne. Mu ba mu da shi yanzu, Allah ya ƙara tsarewa, amma rami ɗaya a inda ake gyaran kifi bai fi ƙarfin kowa ba.

Ƙasashen duniya sun sa wa kansu wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane ta cizon mahaukacin kare, kuma kowace 28 ga Satumba ana tunawa da cutar. Mu a nan ba taron otal muke buƙata ba. Ma'aikatar kula da lafiyar dabbobi ta jiha ta haɗa kai da masarautun Gwandu da Argungu, da Yawuri da Zuru, a sa rana a kowace gunduma, a ƙofar hakimi ko dagaci, kafin mafarauta su shiga daji da rani. Sarkin Baka ya kira mutanensa, Arɗo ya kira nasa, mai shela ya zaga, a zo da akwatin sanyi da kati. Mun ga yadda sarakunanmu suka tsaya wajen yaƙi da shan-inna, hanyar ba baƙuwa ba ce.

Makon jiya na koma gidan Gwaggo. An kawo mata wata 'yar kyanwa daga Gulma, fara mai baƙin kunne, tana ta dambe da igiyar guga. Magungunanta yanzu suna cikin gwangwani mai murfi a saman kabad. Ta ce, "Ɗan nan, ita ma ana yi mata allurar nan ta karnuka?" Na ce, "Ana yi, Gwaggo, in ta cika wata uku." Ta ƙirga da yatsu, ta ce bayan sallah ke nan, in zo da babur in kai ta.